Kafin a haƙa wurin ninƙaya a gida: takardun da ake nema a Faransa, da abin da ya shafe mu a nan

 Bayaninmu na yau a kan wurin ninƙaya ne na cikin gida, wanda a birane ake ce wa pisin. Wani zai ce ina ruwan mutumin karkara da pisin, shi da ke bin layin pampo da bido tun asuba? Da gaskiyarsa. To amma ƴan uwanmu mazauna Turai suna sayen gidaje masu fili a baya, wasunsu kuma suna aiko kuɗi a gina musu a Yamai ko Maraɗi, da pisin a cikin zanen gidan. Sau da yawa ƙani ko ɗan ɗaki na nan gida ake ɗora wa kula da aikin. Ga kuma abin da ya haɗa kowa da kowa: ramin da ke riƙe ruwa, na siminti ne ko na laka, ƙaramin yaro bai san bambancinsu ba.

Mun ɗauki Faransa misali saboda dokarta a kan wannan batu a rubuce take filla-filla. Ƙasar na da pisin na gidajen mutane sama da miliyan 3, kuma yadda ake neman izinin gini a ma'aikatar magajin gari a can ya yi kama da namu, tunda daga wajensu aka gaji tsarin.

Me ya kawo hukuma cikin tsakar gidan mutum?

Mutum ya sayi filinsa da kuɗinsa, zai haƙa rami a ciki, me zai sa sai ya nemi izini? Amsar ita ce ramin bai tsaya a kan mai gidan shi kaɗai ba. Ruwa na da nauyi: lita dubu ɗaya tan ɗaya ce. In aka haƙa dab da katangar maƙwabci, ƙasa na iya zaftarewa, ko ruwan ya riƙa tsatsa yana cin tushen gininsa. A ƙarƙashin ƙasa akwai bututun ruwa, da na gas, da wayar lantarki, waɗanda motar haƙa za ta iya fasawa. Ruwan da za a cika ramin da shi daga rabon gari zai fito. Sannan ga yara, na gidan da na maƙwabta. Kowace takarda da za mu ambata nan gaba, ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa take tsarewa.

Girman ramin shi ke faɗin takardar da za a nema

A Faransa faɗin saman ruwan ake aunawa, da murabba'in mita, wato metir kare. Tsawo ake ninkawa da faɗi. Matakai uku ne.

Na farko, pisin da bai wuce murabba'in mita 10 ba, kamar mai tsawon mita 4 da faɗin mita 2 da rabi. Wannan ba ya buƙatar wata takarda, sai fa in gidan yana cikin yankin da ake karewa, kamar kusa da wani ginin tarihi. A irin wannan yanki ko ƙarami ne sai an sanar.

Na biyu, wanda ya wuce murabba'in mita 10 amma bai zarce 100 ba. Mafi yawan na gidaje nan suke faɗawa. Ana cika takardar sanarwa kafin aiki, wadda suke ce wa deklarasiyo, a kai ma'aikatar magajin gari.

Na uku, wanda ya wuce murabba'in mita 100. Shi sai da cikakken izinin gini, wato permi, irin wanda ake nema in za a gina gida.

Akwai wata ƙa'ida da mutane ke yawan mantawa. In za a yi wa pisin rumfa mai rufe shi, tsayin rumfar ya wuce mita 1 da santimita 80, to permi ake nema, ko da ramin bai kai murabba'in mita 100 ba. A idon doka rumfar da babban mutum zai iya miƙewa tsaye a cikinta ɗaki ce.

To pisin na roba fa, wanda ake hurawa ko a haɗa a kan ƙasa ba tare da haƙa ba? In zamansa bai wuce wata 3 a shekara ba, babu takarda. A yankin da ake karewa kwana 15 ne kawai. In ya wuce haka, ma'aunin girma da muka faɗa a sama ya hau kansa. Da yawa sukan kafa shi farkon zafi su bar shi shekara ta zagayo, ba su san sun saɓa ba.

Wanda ke zaune a gidan haya kuwa, kafin ya je ma'aikatar magajin gari sai ya samu yardar mai gidan a rubuce, domin haƙa rami sauya kamannin gida ne.

Yadda ake neman takardar

Abu na farko shi ne a je a duba kundin tsarin gari, wanda ake taƙaitawa da PLU. Komin da yawa suna da nasu. Shi ke faɗin inda aka yarda a yi gini da inda aka hana, kamar filin noma ko wurin da ruwa ke ambaliya. Shi ke faɗin tazarar da za a bari tsakanin bakin ramin da iyakar maƙwabci ko hanya. Wasu garuruwan har launin cikin pisin suna ƙayyadewa. Inda komin ba ta da nata kundi, dokar ƙasa ke aiki, ita kuma ta ce ko dai a yi ginin a kan iyaka daidai, ko a ja baya aƙalla mita 3.

Bayan nan sai a haɗa takardu: taswirar da ke nuna inda filin yake a cikin gari, zanen filin da ke nuna gidan da inda ramin zai zauna da tazararsa da iyakoki, zanen da ke nuna zurfin ramin, da hotunan wurin. Tun daga 1 ga Janairun 2022 ana iya turawa ta intanet, amma har yanzu ana iya kaiwa da hannu ko ta gidan waya.

Ga takardar sanarwa, hukuma na da wata 1 ta ba da amsa. Ga permi na gidan zama wata 2 ne. A yankin da ake karewa ana ƙara wata guda a kai, saboda sai an ji ta bakin jami'in da ke kula da gine-ginen tarihi. A mafi yawan lokuta, in wa'adin ya cika hukuma ba ta ce komai ba, shirunta yarda ne. Duk da haka mai hankali yakan koma ya karɓo takardar shaidar cewa ba a ƙi ba, ya ajiye.

Izinin na aiki shekara 3, kuma ana iya neman a tsawaita shi sau biyu, shekara ɗaya ɗaya. Kafin motar haƙa ta shigo, ana tambayar kamfanonin ruwa da gas da lantarki inda layukansu suka bi. In an gama aiki sai a sake kai wata takardar cewa an kammala kuma an bi zanen da aka amince da shi. Daga nan hukuma na da wata 3 ta zo ta duba, ko wata 5 a yankin da ake karewa.

Maƙwabci ma yana da magana

Da zarar an samu izini, doka ta ce a kafa allo a bakin gida, inda mai wucewa a hanya zai iya karantawa. Tsawonsa da faɗinsa sai sun wuce santimita 80. A jikinsa ake rubuta sunan mai aikin, lambar izinin, da irin ginin da za a yi, kuma yana nan har a gama.

Amfanin allon shi ne maƙwabta su sani. Daga ranar da aka kafa shi suna da wata 2 su kai ƙara in sun ga an taka ƙa'ida. Wanda bai kafa allo ba ya bar wa kansa ƙofar rigima a buɗe, don lissafin watannin nan biyu ba ya farawa sai allon ya tsaya. Shi ya sa wasu sukan ɗauki hoton allon ranar da suka kafa shi, su kuma haƙura sai wa'adin ya wuce kafin su fara haƙa. Shi ma magajin gari na da wata 3 da zai iya janye izinin in ya gano an bayar da shi ba bisa doka ba. Haƙurin wata biyu ya fi a zuba siminti a zo a ce a fasa.

Hatta zubar da ruwan yana da ƙa'ida. Ba a sakar wa maƙwabci shi, kuma ba a juye shi cikin magudanar ƙazantar gari sai da izini na musamman. Ana dakatar da zuba sinadarin kulor na wasu kwanaki kafin a zubar, don kada ya kashe tsirrai da halittun ruwa.

Dokar 2003: katanga saboda yara

A cikin dokokin nan duka, wadda ta fi nauyi ita ce ta 3 ga Janairun 2003. An yi ta ne saboda ƙananan yaran da ke faɗawa pisin na gidaje suna rasuwa. Ta fara aiki a kan sababbin pisin daga 1 ga Janairun 2004, tsofaffin kuma aka ba su zuwa 1 ga Janairun 2006. Ta shafi duk pisin da aka haƙa cikin ƙasa a filin gida, gaba ɗayansa ko rabinsa. Mai shi dole ya sa aƙalla ɗaya daga cikin abubuwa huɗu.

Akwai shinge mai tsayin mita 1 da santimita 10 zuwa sama, wanda yaron da bai kai shekara 5 ba ba zai iya haurawa ba, da ƙofar da ba zai iya buɗewa shi kaɗai ba. Akwai ƙararrawa mai kuwwa in wani abu ya faɗa ruwan ko ya kusanci bakinsa. Akwai murfi mai ƙarfi da zai iya ɗaukar nauyin babban mutum, ban da tamfol mara ƙarfi da ake shimfiɗawa don hana ƙura. Sai kuma rumfa mai rufe pisin ɗin ruf, mai makulli. Kamfanin da ya yi ginin wajibi ne ya ba mai gida takardar bayani a kan abin kariyar da aka sa da yadda ake aiki da shi.

Wanda bai sa ko ɗaya ba, tararsa na iya kaiwa yuro 45,000, kusan miliyan 29 da rabi na sefa.

Masana harkar sun fi yarda da shinge. Ƙararrawa sai yaro ya riga ya faɗa ko ya kai bakin ruwa take kuka, kuma sai da babba a kusa da zai ji. Murfi sai an tuna an mayar da shi. Shinge kuwa yana tsaye dare da rana, muddin ba a tokare ƙofarsa da dutse ba. Wani abin lura shi ne dokar ba ta shafi pisin na roba da ake ɗorawa a kan ƙasa ba, alhali shi ma yana cin yara. A nan dabarar ita ce a cire tsaninsa da zarar an gama wanka, ƙananan kuma a zubar da ruwansu a kife su.

Haraji, da hoton da ake ɗauka daga sama

Pisin na ƙara wa gida daraja, don haka hukumar haraji na da rabonta. Cikin kwana 90 da gama aiki ake sanar da ita. Haraji iri biyu ne. Na farko sau ɗaya ake biya. Gwamnati ta sa wa kowane murabba'in mita ƙima: yuro 200 ce shekara da shekaru, aka mayar da ita 250 a 2023, daga nan kuma ana sabunta ta duk shekara. Komin da gunduma kowacce na ɗaukar kasonta a kan wannan ƙima.

Ga misali da ƙimar 2023. Pisin mai tsawon mita 8 da faɗin mita 4, murabba'in mita 32 ke nan. A ninka da 250, ya ba da yuro 8,000. In kason komin da na gunduma sun haɗu sun kai kashi 5 cikin ɗari, za a biya yuro 400, wajen jikka 262 na sefa. Na biyu shi ne harajin gida na shekara shekara, wanda zai ƙaru tunda gidan ya ƙara daraja. Wanda ya sanar a kan lokaci yana iya samun sassaucin shekara biyu a kan wannan ƙarin.

A da mutane da yawa sukan gina su yi shiru, tunda bayan gida ne, katanga ta rufe. Yanzu wannan ya wuce. Daga ƙarshen 2021 hukumar haraji ta fara gwada wata manhajar kwamfuta, da taimakon kamfanonin Google da Capgemini, mai duba hotunan da ake ɗauka daga jirgin sama tana gano pisin, sannan a gwada da rajistar haraji. A gundumomi 9 kawai da aka fara gwajin, an sanar a watan Agustan 2022 cewa an gano sama da 20,000 da ba a bayyana ba, kuɗin da suka shigo kuma sun kai wajen yuro miliyan 10, kusan miliyar 6 da rabi na sefa. Da aka faɗaɗa aikin ga ƙasar baki ɗaya a 2023, adadin ya wuce 100,000.

In ruwa ya yi ƙaranci

Samun izinin gini bai nufin an samu izinin cika ramin a kowane lokaci. A Faransa prefe na da ikon taƙaita amfani da ruwa lokacin fari, mataki huɗu, daga jan kunne har zuwa matakin tsanani. Cika pisin na cikin abubuwan farko da ake hanawa, kuma wanda aka kama tararsa na iya kaiwa yuro 1,500, kusan miliyan ɗaya na sefa.

A farin 2022, gwamnatin ƙasar ta ce sama da komin 100 sun wayi gari pampo ba ya kawo ruwan sha, sai da aka riƙa kai musu da motocin tanka. A farkon 2023, magadan gari na komin 9 na yankin Fayence, a gundumar Var da ke kudancin ƙasar, suka dakatar da ba da sabon izinin gini, har da na pisin, saboda ruwansu ba zai ɗauki ƙarin jama'a ba. A watan Mayun shekarar kuma gundumar Pyrénées-Orientales ta hana sayar da pisin na roba. Ko rijiyar burtsatse mutum zai haƙa a gidansa don ya huta da kuɗin ruwa, tun 2009 sai ya sanar da ma'aikatar magajin gari wata guda kafin aiki.

Wanda ya gina ba takarda

Gini ba izini laifi ne da ake kaiwa gaban alƙali. Tarar na farawa daga yuro 1,200, wajen jikka 787, tana iya hawa har yuro 300,000. Magajin gari na iya tsayar da aikin, alƙali kuma na iya cewa a cike ramin a mayar da fili yadda yake, da kuɗin mai shi. Ana iya gurfanar da mutum har shekara 6 bayan gama ginin, komin kuma na da shekara 10 da za ta nemi a rushe. Ko an tsallake wannan, ranar sayar da gida maganar za ta taso, domin notar zai tambayi takardun. Wanda ya riga ya gina yana iya zuwa da kansa ya nemi a daidaita masa, in ginin bai saɓa wa kundin tsarin gari ba.

Ga mai gini a nan gida Nijar

Alƙaluman da muka kawo na Faransa ne, kada wani ya ɗauko su ya ce haka dokar Nijar ta ce. Nijar na da nata dokokin tsara birane da gini, da kundin dokar ruwa na 2010. Izinin gini a ma'aikatar magajin gari ake nemansa, da takardar mallakar fili da zanen ginin. Don haka shawara ga ɗan uwan da ke ƙetare da wanda ya wakilta ita ce a sa pisin ɗin cikin zanen tun farko, a kai wa jami'an fasaha na ma'aikatar su gani, a karɓi amsarsu a rubuce. Kada a bari sai an gama gida a ce wa magini ya haƙa a bayan ɗaki.

Sannan a zauna a yi lissafin ruwa. Pisin ɗin misalinmu, mita 8 da mita 4, in zurfinsa mita ɗaya da rabi ne, lita 48,000 yake ci. Tano 240 ke nan mai lita 200, ko bido 1,920 mai lita 25. Wannan cikawar farko ce kawai. A zafin watan Afrilu da Mayu, in rana da iska suka sha santimita ɗaya a yini, lita 320 ta tafi, wato kusan bido 13 kowace rana. Kuɗin ruwan pampo kuma hawa hawa ne, mai sha da yawa kuɗin kowace lita na ƙaruwa a kansa. A gari irin Damagaram, da ke zaune a kan dutse, inda ake jawo ruwa daga nesa kuma unguwanni ke kwana da kwanaki ba su gani ba, mutum ya tambayi kansa da me zai cika, kuma wa zai rasa in shi ya cika.

A duba ƙasar wurin ma. Filin da ke cikin fadama ko bakin gulbi, inda ruwan ƙasa ke tasowa da damina, yana iya tsaga ramin siminti ko ya ɗaga shi in an bar shi ba ruwa. A sa ƙwararren mai aikin lantarki, domin ruwa da wuta ba sa shiri: fitilar cikin ruwa mai ƙaramin ƙarfi ake sawa, ta bolt 12, da na'urar da ke yanke wuta nan take in ta zube. A kuma tuna injin tace ruwa kullum yake son wuta. In mai gida na ƙetare, gida a rufe, injin a kashe, cikin kwanaki ruwan zai koma kore, cikin mako biyu sauro ya ƙyanƙyashe ya tashi, maƙwabta su kwashi zazzaɓin cizon sauro. Gidan da ba a zaune a ciki gara a bar ramin a rufe ruf, a kulle.

Batun shinge kuwa, kada a jira wani jami'i ya ce a yi. Gidajenmu ba a rufe suke kamar na Turai ba. Yaran maƙwabta na shigowa, almajirai na shigowa, ranar suna ko biki gida ya cika, kowa na zaton wani na kallon yara.

Ramukan da muke da su tun da

Nan ne maganar ta iso ƙauye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutane wajen 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne ƴan ƙasa da shekara 5, kuma in aka auna da yawan jama'a Afirka ce abin ya fi shafa. Shi ya sa a 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli a matsayin ranar yaƙi da nutsewa a ruwa, wadda a wajenmu ke faɗowa tsakiyar damina.

Mu pisin ɗinmu su ne kududdufin da aka haƙa don yin bulo ya cika da ruwan sama, rijiyar da ba ta da murfi, kwamin ban ruwa na lambu, ramin masai da aka haƙa ba a rufe ba, tano da bahon wanki a tsakar gida. Yaro mai rarrafe ko mai koyon tafiya kansa ya fi jikinsa nauyi. In ya leƙa ya kife, ruwan da bai kai tsawon tafin hannu biyu ba ya isa. Kuma ba ya ihu ko fantsama yadda mutane ke zato. Shiru abin ke faruwa, cikin ƴan mintoci, uwa na can tana tuƙa tuwo.

Abin da dokar 2003 ta tilasta wa mai kuɗi a Faransa, ana iya yinsa a nan da abin da ke hannu. A ɗaga bakin rijiya a yi mata murfi mai nauyi da kwaɗo. A kewaye kwamin lambu da darni ko ƙaya, da ƙofar da ake ɗaurewa. A kife baho da bokiti in an gama aiki, tano kuma a rufe shi. Wanda ya haƙa ramin bulo ko na masai ya cike shi ko ya shinge shi kafin ruwan farko ya sauka. Mai gari da mai unguwa na da ikon kiran masu ramuka su yi musu magana tun kafin damina. Kada a bar wa yarinya ƴar shekara bakwai renon ƙaninta a bakin tabki, ita ma yarinya ce. In mata za su tafi gona, a samu babba guda da zai zauna da ƙananan, ko da karɓa karɓa ne tsakanin gidaje.

In kuma tsautsayi ya faɗa, a fito da yaron da sauri, a duba ko yana numfashi. Kada a ɓata lokaci wajen juya shi ƙasa ko matsa masa ciki wai don ruwa ya fito. In ba ya numfashi, a hura masa iska baki da baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa, wani kuma ya ruga neman abin hawa zuwa likita ko ya kira ƴan kwana-kwana a lamba 18 inda suke. Ko ya farfaɗo a kai shi a duba, domin ruwan da ya shiga huhu na iya tayar da matsala bayan wasu awoyi. Ma'aikatan gidan likita mafi kusa da ku za su iya nuna muku yadda ake wannan taimako, ku tambaye su tun kafin buƙata ta taso.

Ku da ke ƙetare, in kun kira gida kuna tambayar inda gini ya kai, ku tambayi murfin rijiya da shingen ramin da aka haƙa. Kuɗinsu bai kai na buhunan siminti kaɗan ba. Allah ya tsare mana yaranmu, ya ba mu damina mai albarka.